Matakalar Injiniya Garba

A layinmu na Gyadi-Gyadi babu wanda ya raɗa wa Garba sunan Injiniya, shi ya ba kansa. Aikinsa na gaskiya kula da sito ne a wani kamfanin sayar da magunguna. Amma tun ranar da fankar masallacin layi ta tsaya, ya hau benci ya kai mata duka ta ci gaba da juyawa, ya daina waiwayowa idan aka kira shi Garba gatsau.

Da ya sayi jif kuwa sai abin ya ƙaru. Ta hannu ce, baƙa, doguwa, irin wadda mutum kan riƙe sitiyari kafin ya ja jikinsa ciki. Ranar farko ya ɗauki matarsa Hadiza, wadda ma'aikaciyar jinya ce, suka nufi Tarauni don surukarsa Hajiya Ramatu ta sa albarka. Hajiya gajeruwa ce mai jiki, ga ciwon gwiwa da ya daɗe yana damunta. Ta fito ƙofar gida da sandarta, ta dubi motar daga taya har rufi.

"Ma sha Allah," in ji ta. "Baban Samira, da tsaninta aka sayar maka, ko daban ake saye?"

Ta ɗaga ƙafa sau biyu, ƙafar ba ta kai ba. Sai ta yi wa motar addu'a daga ƙasa, ta shafa, ta koma cikin gida. Matan maƙwabta da ke leƙe ta ƙofa suka yi ta ƙunshe dariya da mayafi.

Abin ya tsaya wa Garba a rai, domin akwai babbar rana a gaba. Hajiya, da shekarunta saba'in da ɗoriya, ta yi shekara biyar tana zuwa Islamiyyar matan aure, ga shi ta sauke Alƙur'ani. Saura mako uku a yi walimar sauka a filin makarantar, kuma ita aka zaɓa ta buɗe karatu, tunda ita ce babba a ajin. Garba ya riga ya faɗa a gaban dangi cewa shi zai kai ta.

Bayan kwana goma ya sauke wani ƙaton kwali a ƙofar shagon Malam Bello, inda muke zaman majalisa da yamma.

"Ku matso ku ga ilimi," in ji shi. "Wannan matakala ce mai hankali. Kana buɗe ƙofa za ta fito da kanta daga ƙarƙashin mota, ka taka, ka shiga, ka rufe, ta koma. Ga kyamarar ribas. Ga makullin rimot. Ga maɓallin tayar da mota ba sai da ki ba. Ranar walima, Hajiya za ta sauko kamar matar gwamna."

Malam Bello ya ɗauki takardar bayanin da ke cikin kwalin, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Injiniya, wannan ai rubutun mutanen Sin ne."

"To ni karatu zan yi ko aiki? Waya ai ba ta da yare."

Eugene na zaune a gefen benci yana ɓare gyaɗa. Shekararsa ashirin a layinmu, yana da rumfar wayarin ɗin mota a Unguwa Uku, Hausarsa kuma ta fi ta wasunmu. Ya leƙa cikin kwalin ya ce, "Malam Garba, kawo ta rumfa ranar Asabar da safe. Kafin azahar na gama maka."

Garba ya yi murmushin tausayi.

"Baban Ebube, ban raina sana'arka ba. Amma kai a ƙarƙashin mota ka koya. Wannan aikin na lissafi ne."

"Haka ne," in ji Eugene. "To in lissafin ya fara hayaƙi, ka san rumfata."

Ranar Asabar tun da hantsi Garba ya shimfiɗa tabarma a gefen mota, ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya ciro wayoyi kamar mai tsifar kai. Wadda ta yi masa tsawo ya yanke, wadda ta gaza ya ƙulla mata wata ya naɗe da salatif. Da la'asar ya fito fuska duk baƙin mai, ya aika a kira majalisa.

Muka jeru. Ya gyara tsayuwa, ya kama hannun ƙofa da yatsa biyu, ya buɗe.

Matakala ba ta motsa ba. Waifa ce ta hau share busasshen gilashi, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

"Ma sha Allah," in ji Malam Bello. "Ta fara da tsabta."

"Gwaji ne," in ji Garba. "Ina duba ko wuta na zagayawa. Kun ga tana zagayawa."

Ya rufe ƙofa, ya jingina da sitiyari ta taga don ya kashe waifa, gwiwar hannunsa ta danna hon. Nan take matakala ta fito, wuf, kyakkyawa, har da 'yar fitila shuɗiya a bakinta.

"Kun gani ko!"

"Mun gani. Wato duk sanda Hajiya za ta hau sai an yi mata hon."

"Ai girmamawa ce. Manya ba sa fitowa shiru."

Washegari ya sake shigewa. Wannan karon ya raba matakala da hon, ya haɗa ta da ƙofa kamar yadda ya kamata. Sai dai in ka buɗe ƙofar dama, matakalar hagu ce ke fitowa. Malam Bello bai san da haka ba, yana tsaye a hagu da butarsa yana shirin alwala, Garba ya buɗe dama. Ƙarfe ya fito ya same shi a ƙwauri, buta ta yi sama.

"Wayyo Allah ƙafata! Garba, mota ce wannan ko jaki?"

"Injiniya dai. Kuma kai ka tsaya a inda bai kamata ba. Ƙasar da aka ƙera ta, tuƙinsu a ɗaya hannun yake."

"To ka mayar musu da abinsu can ɗaya hannun!"

Ranar Talata aka ɗaura kyamarar ribas. Da ya sa giya, allon ya nuna sararin sama da shirwa biyu suna shawagi. Sai kuma wata murya ta mace ta fito daga lasifika, ta yi doguwar magana da yaren Sin.

"Me ta ce?" in ji Hadiza, wadda ta dawo daga aiki ta tarar da jama'a a ƙofar gidanta.

"Gaisuwa ce. Cewa ta yi sannu da aiki, Injiniya."

"Ni kuwa na ji kamar kuka take yi."

Ya ci gaba da ribas yana kallon shirwa, har ya ture randar ruwan da ke ƙofar gidan maƙwabci.

Ranar Alhamis ya ce an gama, zai fita gwajin titi, ya kuma gayyace ni da Malam Bello mu zama shaida. Malam Bello ya ce ƙwaurinsa bai warke ba, sai da aka roƙe shi. Muka fita lafiya har bakin babban titi. Garba ya kunna sigina zai karya kwana. Sai muka ji wani sauti a ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na leƙa. Matakala ce take fita tana komawa daidai da ƙiftawar sigina. A fita ta uku ta taɓa ƙafar teburin wani mai lemo da ke bakin hanya, lemo ya watsu a kwalta yana gangarawa har tsakiyar titi. Masu adaidaita sahu suka ci birki, wani direban bas ya leƙo yana tambaya ko motar rawa take koya.

Mu uku muka sauka muna tsintar lemo a rana, mai lemo na biye da mu da faɗa.

"Alhaji, in shara motarka take yi, ka kai ta bola mana!"

"Kai ka kafa tebur a kan hanyar fasaha," in ji Garba, da lemo cike da gaban rigarsa.

Da yamma Hadiza ta same shi a tsakar gida.

"Baban Samira, jibi ne fa. Shekara biyar Inna na jan ƙafa zuwa makarantar nan, ruwa da rana. In ta makara ranar nan, ba za ta ce maka komai ba, kai ma ka san rashin maganar tata ya fi faɗa ciwo. Don Allah ka bar Baban Ebube ya duba."

"Wato ke ma kin bi sahun 'yan majalisa."

"Ni sahun Inna na bi."

"Hadiza, ke in likita na tsakiyar tiyata, kina kiran wanzami ya ƙarasa?"

"In likitan ya ɗinke hanci a gwiwa, ina kira."

Ya kwashe kayan aikinsa ya fita, ya kuma sa makullin motar a aljihu don kada a kai ta Unguwa Uku a bayan idonsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abin mamaki ya faru. Garba ya buɗe ƙofar dama, matakalar dama ta fito. Ya rufe, ta koma. Ya buɗe hagu, ta hagu ta fito. Sau goma yana yi muna ƙirgawa. Babu hon, babu waifa, matar Sin ma ta yi shiru. Malam Bello da kansa ya taka ya hau ya sauka, ya ce, "Wallahi ta yi."

Eugene ya zagaya motar hannu a baya.

"Ka gwada da inji a kunne?"

"Wuta ai wuta ce, Baban Ebube, ko a kunne ko a kashe."

"Wannan jar wayar da na hango ta bi bayan fiyus, ina ta nufa?"

"Sirrin aiki ne."

Eugene ya ce, "To, Allah ya sa alheri," ya tafi.

Ranar Asabar Garba ya saka farar shadda sabuwa, babbar riga mai aiki har ciki, ya kafa hula. Suka isa Tarauni da wuri shi da Hadiza. Ya kashe mota, ya zagayo, ya rusuna ya gaida Hajiya, sannan ya buɗe mata ƙofar baya. Matakala ta fito a hankali da 'yar fitilarta.

Hajiya ta ja da baya, ta taɓa ta da sanda.

"Ba ta cizo?"

"Taka kawai, Hajiya."

Ta taka, ta shiga, ta zauna, ta gyara farin hijabinta. "Kai, Allah ya yi maka albarka, Baban Samira. Ashe da gaske kake."

Matan da suka yi dariya kwanakin baya suna nan a ƙofa, yau sai guɗa. Garba ya shiga mazauninsa kamar ba ya taka ƙasa. A hanya ya yi ta bayani a kan lissafin wuta, Hajiya na baya tana bitar karatunta a hankali, ba ta ji ko ɗaya ba.

Filin makarantar ya cika. An kafa rumfuna, mata a gefe, maza a gefe, ɗalibai tsofaffi da matasa sanye da fararen hijabai a jere a gaba. Lokacin zaɓe ne, don haka har wani ɗan takarar kansila ya zo da jama'arsa ya zauna a sahun manyan baƙi. An tanadi wurin ajiye motoci a bakin ƙofa, amma Garba ya wuce shi, ya kutsa har gaban babbar rumfa. Yana so kowa ya gani.

Bai kashe inji ba, don kada sanyin mota ya ɗauke wa Hajiya. Ya diro, ya rufe ƙofarsa, ya zagayo yana baza riga. Ya tsaya, ya jira idanu suka taru a kansa. Sannan ya ɗaga rimot sama ya danna.

Ƙofofi huɗu suka kulle, ƙarap.

Ya sake dannawa. Hon ya ɗauka, ba tsayawa. Waifa ta hau aiki, fitilu suka hau ƙiftawa, matakalu biyu suka shiga fita da komawa, dama da hagu, kamar agwagwa na kaɗa fiffike. Matar Sin ta dawo da ƙarfinta, wannan karon da alamar faɗa take yi. Mai gabatarwa da ke kan mumbari ya katse jawabinsa da abin magana a hannu.

Hadiza ta ja hannun ƙofa daga ciki, ya taho mata sakwaf. Ta sauke gilashi, ya sauka kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya.

"Baban Samira! Ƙofa ba ta buɗuwa ta ciki!"

"Na cire igiyar hannun ƙofofin baya! Rimot ya maye gurbinta! Danna maɓallin kashe mota!"

Ta miƙa hannu gaba ta danna. Rediyo ya kama, ana tallar maganin basir.

Jama'a suka taso. Wani ya ce a fasa gilashi, wani ya ce aljanu ne a kira malam, malam kuwa yana tsaye a wurin ya ce shi wannan ba fanninsa ba ne.

"Kowa ya ja baya!" in ji Garba. "Waya ɗaya ce, na san ta!"

Ya durƙusa a gefen ƙofar Hajiya, ya jira matakala ta fito, ya cusa hannu ƙarƙashi ya fizgi wata waya. Matakala ta koma ciki da ƙarfi, ta haɗa da gaban babbar rigarsa, ta naɗe, ta ja shi har sai da kafaɗarsa ta manne da ƙofa. Daga nan ba ta sake motsi ba. Ya ja, ta riƙe. Hula ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota. Ya zauna a durƙushe, ba ya iya miƙewa, ba ya iya juyawa, hon na ta kuka a kansa.

Ebere, matar Eugene, tana cikin matan layinmu da suka zo taya murna. Tun ƙarar farko ta kira mijinta a waya. Ba a daɗe ba sai ga shi ya sauko daga adaidaita sahu da sifana ɗaya a hannu. Ya leƙa ta gilashi ya ce, "Maman Samira, ja wancan ƙarfen na ƙasan sitiyari." Bonet ya buɗe. Ya cire fiyus ɗaya, inji ya mutu, ya kwance kan batir. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan tantabaru a rufin aji.

"Alhamdu lillahi," in ji mai gabatarwa. "To a fito da Hajiya, lokaci ya tafi."

Eugene ya girgiza kai. "Makullan sun cije. Sai na bi ta but ɗin baya na kwance murfin ƙofa daga ciki. Ku ba ni rabin awa."

Shugabar makarantar ta dubi agogo, ta dubi tsofaffin da ke zaune cikin zafi, ga masu ciwon suga a cikinsu. Ta matso jikin gilashi da damuwa ta ce, "Hajiya, ko za a ba wata ta buɗe, ke kya yi daga baya?"

Hadiza ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko.

Hajiya ta gyara gilashin idonta.

"Malama, shekara biyar ban ba wata ta yi mini ba. Murya ai ba a kulle ta da rimot. A kawo abin maganar."

Aka jawo waya daga mumbari, da ƙyar ta kai jikin mota. Abin maganar ya ƙi shiga ta ɗan wurin da gilashi ya bari, sai an riƙe shi daga waje, daidai bakin tagar. Wanda ke daidai wurin kuwa mutum ɗaya ne, kuma ba shi da inda za shi.

"Baban Samira," in ji Hajiya, "tunda kana nan, riƙe mini."

Haka Garba ya ɗaga hannu ɗaya sama, gwiwoyinsa a ƙasa, rigarsa a bakin ƙarfe, ya riƙe. Hajiya ta buɗe Alƙur'aninta, ta yi basmala, ta fara. Muryarta ta fita ta lasifika, tsohuwar murya mai ɗan rawa amma kowane harafi a wurinsa. Dariyar da ta rage a bakin mutane ta ɗauke. Ta karanta shafi guda cif ba tuntuɓe. Gumi na sauka ta haɓar Garba, amma bai sauke hannu ba. Da ta kai aya ta ƙarshe, fili ya ɗauki kabbara, ƙawayenta tsofaffi suna share hawaye da bakin hijabi.

Ana cikin haka Eugene ya buɗe ƙofar ɗaya gefen daga ciki. Aka kawo benci daga aji, Hadiza da Ebere suka riƙe Hajiya ta sauko. Ta zagayo da sandarta har inda surukinta yake durƙushe, ta dube shi.

"Sannu, Baban Samira. Tunda na fara karatun nan, ban taɓa samun wanda ya durƙusa ya saurare ni daga farko har ƙarshe kamar kai ba. Allah ya ba da lada."

"Amin, Hajiya," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Saura fitar da shi. Eugene ya duba ya ce shaddar ta naɗe a cikin haƙoran ƙarfe, ko a yanka ta, ko mai ita ya fita ya bar ta. Garba ya ce a yanka wuyansa ya fi masa sauƙi da a yanka sabuwar shadda. Don haka maza suka yi masa katanga da jikinsu, ya sulale ta ƙasa kamar maciji na saɓa, ya fito daga shi sai singileti da wando.

Ya matsa kusa da Eugene ya rage murya. "Baban Ebube, jar wayar nan ce ko?"

"Wace daga ciki?" in ji Eugene. "Duk ka naɗe su da jan salatif."

Sai ga mai hoto yana kira, iyalan Hajiya Ramatu su taru. Garba ya nemi ya zame ta bayan rumfa, Hajiya ta hango shi.

"Ina za ka? Wanda ya kawo ni ba zai shiga hoto ba? A nemo masa riga."

Ɗaya daga cikin mutanen ɗan takarar kansila ya ruga motarsu ya ɗauko rigar kamfe sabuwa a leda. Ta yi wa Garba kaɗan, ta ɗame shi a ciki. Bai tsaya duba ta ba, ya zura, ya tsaya a bayan Hajiya, ya ɗaga haɓa yadda ya saba. Mai hoto ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗauka.

Hajiya ta sa an wanke hoton babba, an yi masa firam, yana rataye a falonta a Tarauni. Tana zaune a tsakiya da shahadarta a hannu, 'ya'ya da jikoki kewaye da ita. A bayanta ga Injiniya Garba, ƙirji a gaba, an rubuta a kai da manyan baƙaƙe: AIKI, BA SURUTU BA.